Damtsen Baƙuwa

Akwai wata safiya ta ƙarshen damina da har in koma ga Allah ba za ta fita daga raina ba. Ko yanzu in na lumshe ido, ina ganin ruwa ya shimfiɗu daga bayan gidanmu har iyakar gani, furen bado ya buɗe a kansa, balbelu na tashi ɗaya bayan ɗaya ba tare da gaggawa ba.

Mahaifiyata, Inna, tana zaune a ƙauyenmu can wajen Kirikasamma, ni kuma ina koyarwa a Kano. Da hawan jini ya kama ta, na saya mata na'urar awo, irin wadda ake ɗaurawa a damtse ta matse, sannan ta aika sakamakon zuwa wayar wata ma'aikaciyar jinya a Haɗeja, ni ma ya shigo tawa. Na koya mata dannawa, kuma saboda wahalar caji na ja mata kunne cewa sau ɗaya tak a rana, da safe. Na koma Kano ina jin kaina 'yar kirki.

Wata uku sakamako na zuwa lafiya lau. Ma'aikaciyar har ta fara zancen a rage wa Inna magani. In na kira Inna ta ce mini kanta na sarawa, sai in ce zafin rana ne, ai na'ura ta wanke ta. Ka ji wauta, na fi yarda da lambobi a kan muryar wadda ta haife ni.

Hutu ne ya kai ni gida. Ruwa ya cinye hanya, sai a kwalekwale na ƙarasa. Washegari da hantsi muna zaune a tabarma, ga ƙamshin kunun tsamiya, hasken ruwa na wasa a jikin katanga, sai Iya ta yi sallama. Aminiyar Inna ce tun suna 'yan mata, siririyar tsohuwa mai sayar da bandar kifi, wadda ko ciwon kai ba ta sani ba, kuma kullum da safe sai ta leƙo. Inna ta miƙa mata kunu, ta ɗauko na'urar, ta ɗaura wa Iya a damtse, ta danna. Nan take wayata ta yi ƙara a cinyata.

Na tambayi Inna ita fa, yaushe take auna nata. Ta dube ni kamar na yi rashin kunya.

"Ke wannan, ba ke kika ce sau ɗaya ba? Abu guda ɗaya, ga baƙuwa a zaune, ni zan miƙa hannuna?"

Na kwance ɗamarar na ɗaura wa Inna, na danna. Ba a jima ba ma'aikaciyar ta kira, ta ce ko wace ce mai wannan awon, a kawo ta yanzu.

Tafiyar nan a kwalekwale kamar a mafarki nake tuna ta. Inna ta ɗora kanta a kafaɗata, sandar mai tuƙi na shiga ruwa tana fita a hankali, shinkafa ta nutse sai kawunanta, sama da ruwa sun zama launi ɗaya. Tsoro ya cika ni, ita kuwa sai nuna mini take inda suke tsinkar bado ita da Iya suna yara. Kwana huɗu ta yi a asibiti. Likita ya ce da an rage maganin nan, da yanzu wani zancen ake yi.

Ranar da aka sallame ta na ba ta haƙuri ina kuka. Sai ta ce, "To ai alhamdulillahi, mun dai san ƙawata lafiyarta ƙalau."

Inna tana nan da ranta. Yanzu sau biyu ake awo, kuma har gobe baƙuwa ce farko. Ma'aikaciyar ta san na biyu ne namu. Ni kuwa na koyi cewa na'ura lamba kawai take kawowa, ba ta faɗin damtsen wa ta matse. Shi ya sa duk ranar da Inna ta ce mini kanta na ciwo, ba waya nake dubawa ba, mayafina nake ɗauka in nufi tasha.