Gishiri Ne, In Ji Nawaf

Duk unguwar Hindawiyya ta Makka an san Uzairu direban tasi da abu guda: ka shiga motarsa ka ce unguwar Mansur za ka, kafin ku isa ya ba ka labarin teku. Mutumin da aka haifa tsakanin duwatsun Makka, ko ninƙaya bai iya ba!

Abin daga uwarsa ne, Hajiya Hure. Tana yarinya iyayenta suka ƙetaro da su daga Sudan cikin jirgin ruwa mai ƙyalle, irin wanda iska ke turawa. A tsakiyar teku ƙanwarta Ɗaso ta rasu, aka naɗe ta aka saki a ruwa. Da tsufa ya kama Hajiya, roƙonta bai wuce ɗaya ba: a kai ta tsakiyar ruwa cikin irin wannan jirgi, babu ƙugin inji, ta yi wa Ɗaso addu'a. Uzairu ya ɗauki alkawari.

Wajen 2015 Nawaf ya kira shi daga Jidda. Nawaf ba bare ba ne, nonon Hajiya ya sha lokacin da tasa uwar take kwance, don haka ɗa ne a gidan. A bakin teku yake aiki, inda masu hali ke ajiye jiragensu. Ya ce ga wani tsohon jirgi mai ƙyalle na sayarwa, an ɗora shi bisa ƙarafa a tudu.

Uzairu ya je Jidda, suka hau jirgin tare. Nawaf ya zaro na'urar auna danshi, ya yi bayani: daɓen jirgin faiba ne, wato roba mai tauri, sama da ƙasa, katako a tsakiya, in ruwa ya shiga katakon ya ruɓe allura za ta nuna. Ya ɗora ta a tsakiya, allura na kan kore. Ya matsa gindin ƙarafan da ake dafawa a gefe, sai ta yi tsalle ta faɗa ja.

“Wannan fa?” in ji Uzairu.

Nawaf ya yi dariya. “Gishiri ne, ya akhuya, ɗan'uwana. Gishirin teku in ya kwanta sai ya ruɗa na'ura. Kai ɗan Makka ne, wane ruwa ka taɓa gani ya kwana cikin wannan rana?”

To ai shi ke nan, ya taɓo shi inda yake da rauni. A Makka ka shanya riga ka juya baya ta bushe. Uzairu bai ce a wanke wurin a sake aunawa ba. Wa zai tuhumi ɗan'uwansa? Ya sayar da tasinsa ya saya.

Saura kwanaki a saukar da jirgin ruwa, Hajiya har ta sa an wanke mata farin mayafi, Uzairu ya hau jirgin yana shara. Ya jingina da ƙarfen gefe, ƙarfen ya tumɓuko da baƙin katako jiƙe sharkaf, mai wari. Sai ga Uzairu a kan siminti, cinya ta karye biyu.

Wani Basudane mai gyaran jirage da ya kai shi asibiti ne ya fasa maganar, bai ma san yana fasa wani abu ba. Ya ce ai bara Nawaf ya kawo masa jirgin nan, suka huda daɓen ruwa ya tsattsafo, ya ce masa ba ya gyaruwa. Ashe jirgin na Nawaf ne da kansa.

Wallahi karayar ba ta yi masa zafin wannan ba. Ya juya fuska bango ya yi kuka kamar yaro. Amma bai gaya wa Hajiya ba, don tsohuwa mai ciwon zuciya ba a kai mata irin wannan. Kullum ta zo gefen gadonsa sai ta ce, “Ka warke mu tafi, Uzairu.” Shi kuma ya ce to, Umma.

Ba ta jira ba. Ta rasu yana kan keken marasa lafiya, da ƙarfe a cinya. Aka sallace ta a Harami, aka wuce maƙabarta, maƙwabta na tura shi a baya. Da aka isa bakin kabari wani dattijo ya ce ɗanta ya sauka ya karɓe ta. Uzairu ya yunƙura, ƙafa ta ƙi. Nawaf ya tuɓe takalmansa ya sauka, aka miƙa masa ita.