Ba Hannun Tomash Ba Ne

Wutar gidanmu na Gaithersburg, a Amurka, da maɓalli ake kunna ta. Ba hayaƙi, ba toka, itacen cikinta ma na ƙarya ne, shekara uku muna kallonsa bai ƙone ba. Kaka ba ta taɓa yarda da ita ba. Takan ce wutar da ba ta cin itace lallai akwai abin da take ci a ɓoye. Amma sanyi ya fi ƙarfin gardamarta, don haka kullum bayan magariba a gabanta take shimfiɗa darduma ta miƙe ƙafafu, ni da ƙanwata Rabi mu tsuguna kusa.

Baba ne ya ɗauko ta daga Zariya don ta riƙa duba mu, shi yana kantin magani, Mama tana asibiti. Shekarata goma sha uku a lokacin. Yanzu na doshi arba'in, aikina jan motocin da suka mutu a kan titi, sakandaren ma ban ƙarasa ba. Rabi ce likitar gidan. Ba wannan na zo faɗa ba.

"Ga ta nan, ta biyo ni har ƙasar ƙanƙara," haka Kaka take buɗe tatsuniya.

"Ta shigo ta ji ɗumi," mu amsa. In Rabi ta amsa da Turanci sai ta sha ranƙwashi.

Ni kuwa Maigida take kirana, don sunan mijinta na ci. Ta ce ni ne mijin da ya fi kowa rowa, ko ɗankwali ban taɓa saya mata ba.

A duk faɗin Amurka ƙawar Kaka ɗaya ce tak, tsohuwar da katanga ɗaya ta raba mu da gidansu. Mutanen ƙasar Cek ne. 'Yan gidansu Babi suke ce mata, wato kaka a bakinsu, mu ma muka ɗauka. Ba ta jin Turanci sai 'yan kalmomi, Kaka kuwa ko ɗaya. Duk da haka kullum da la'asar Babi za ta ƙwanƙwasa, ta zauna tana saƙa, Kaka tana jan carbi, kowacce tana zuba da yarenta kamar ana fahimtarta. Surukar Babi sunanta Yana. Ranar da Kaka ta fara jin sunan cewa ta yi, "Yana me? Yana ina? Ko suna ma ba sa ƙarasawa."

Jikan Babi, Tomash, soja ne, an kai shi yaƙin Iraki. A nan aka haife shi, da Turanci yake rubutu. Babi ce take kwaso wasiƙu daga akwati da rana, in ta ga tasa sai ta taho da ita wurinmu kafin iyayensa su dawo daga aiki. Ni in karanta da ƙarfi, in juya wa Kaka da Hausa. Babi ba abin da take tsinta sai sunanta, da 'yar kazar da yake zana mata a ƙasan takarda. Wannan ya ishe ta. Zancen wasiƙun bai wuce zafi da ƙura da abincin gwangwani ba, da roƙon a aiko masa da safa.

Rannan ta kawo wata. Ina cikin karantawa Kaka ta miƙo hannu ta karɓe. Ba ta san ko harafi ɗaya na boko ba. Ta kai takardar kusa da ido, ta juya ta, har da shanshanawa.

"Maigida, wa ya fara gaisarwa?"

"Mamarsa."

"Da kuwa?"

Na sake duba takardar. Da Babi yake farawa kullum.

"Ina kazar?"

Babu kaza. Kaka ta mayar wa Babi da takardarta tana murmushi, har da shafa mata kafaɗa. Sai da ƙofa ta rufu ta ce, "Rubutun da kwance yake kamar gero bayan iska. Wannan a tsaye yake. Ba hannun yaron nan ba ne."

A wannan yammacin ta ba mu labarin uwar Bahago. Wai an yi wata mata mai ɗa ɗaya, sarki ya tafi da shi yaƙi. Kowane wata fatake sukan kawo mata goro a naɗe cikin ganye, saƙon ɗanta. Shi bahago ne, ƙullinsa hagu yake kallo. Ana nan sai kibiya ta same shi. Abokinsa ya ji tausayin uwar, ya ci gaba da aiko da goro da sunan mamaci. Duk garin an sani, aka haɗa baki aka yi gum. Uwar ta karɓi ƙunshi, ta ga ƙulli ya koma dama. Ta duba fuskar maƙwabta, kowa yana yi mata dariya fiye da kima. Ta ɓare goro ta ci. Shekara bakwai tana ci tana jiran wanda zai shigo ya cire takalmi ya ce mata Allah ya ba ki haƙuri. Ba wanda ya zo. Da ajalinta ya matso suka taru a kanta suna kuka, ta ce su tashi su ba ta wuri. Ta ce ɗanta dai yaƙi ne ya ci shi, wannan ta yafe. Amma makokinsa su suka cinye mata, ko addu'ar uku ba a yi masa ba, wannan sai sun haɗu a can.

"Iyakarta ke nan," in ji Kaka. "Wanda ya ƙara, nasa ne."

Rabi ta yi hamma. Ni kuwa na san ba don mu aka ba da wannan ba.

"Gobe ka tambayi Babi," Kaka ta ce da ni. "Tsohuwa ba ta rasa sani. Kunya ce ta hana ta faɗa."

Washegari na tambaya. Na sassauta Turancina yadda ake yi wa yaro, na ce Tomash lafiya yake, yana da rai? Babi ta ajiye saƙa, ta dafa ƙirji inda wasiƙar take a cikin rigar sanyinta. Idonta dama kullum da ruwa, kanta kuma kullum rawa yake yi don tsufa. Ta ce, "No. No, no."

Duk wanda ya yi ko aji ɗaya ya san abin da wannan kalma take nufi a Turanci. Na ce, "Kaka, ta ce a'a."

Kaka ta yi salati a hankali. Ta kama hannun Babi ta riƙe har ta tashi tafiya.

Ran Asabar da hantsi, iyayena suna wurin aiki, ta dafa shinkafa da wake ta cika kula, ta yafa farin mayafi, ta tasa ni gaba. Yana ce ta buɗe. Kaka ta cire takalmi, ta wuce kujeru ta zauna a ƙasa, ta ɗaga hannu.

"Allah ya jiƙansa. Allah ya ba ku haƙuri, 'yata. Faɗa mata, Maigida."

Na faɗa. Ban rage komai ba, don dai a san na iya.

Har yau ina ganin yadda matar nan ta zube ƙasa. Ta ɗauka motar soja ta zo da labarin mutuwa tana wurin aiki, mu muka gani. Ta rarrafa ta jawo waya, lambar ma ta kasa dannawa, mijinta ya sauko da gudu da kumfar aski a fuska. Sai da aka yi wajen awa biyu kafin su sami asibitin da yake a Jamus. Tomash yana nan da ransa, barci ma yake yi.

A nan komai ya fito. Bam ya tashi da motarsu, an yanke masa hannun dama. Wata nas ce take rubuta masa wasiƙun. Iyayen sun sani tun makonni, suka ɓoye wa Babi don zuciyarta ba ta da ƙarfi. Ita kuwa tana tsaye a kan bene, ta ga surukarta a ƙasa, ta ga farin mayafi da kula. Ba ta buƙaci tafinta ba. Dole ɗanta ya gaya mata.

Da aka tambaye ni inda na samo zancen, na faɗa. Mijin Yana ya dube ni kamar zai tofa mini yawu. Ya ce a yarensu "no" e ce. Guntun "ano" ne, kamar mu mu ce "ƙwarai".

Baba bai iya yi wa uwarsa faɗa ba, sai ya sauke a kaina. Wai ana kashe mini lokaci a makaranta ban iya ko tambaya ba. Wa zai koya mini yaren Cek a makarantar? Na dai rantse a raina ba zan sake juya wa kowa magana ba, kuma na cika. Kaka abu ɗaya ta ce, tana kallon wuta: "Hannun dai ba nasa ba ne."

Babi ba ta sake ƙwanƙwasawa ba. Kaka takan zauna da la'asar da mayafinta a kafaɗa, in mota ta wuce ta ɗaga kai. Shiga gidansu kuwa kunya ba ta bar ta ba. Sau ɗaya ta ce, "Maigida, ko za ka leƙa mini ita?" Na ce ina da aikin makaranta. Ba ta sake tambaya ba. Kafin wani sanyin ta ce a mayar da ita Zariya, can ta rasu.

Bayan shekaru aka kira ni in ja wata mota a Springfield. Mai motar yana da hannun ƙarfe. Tomash ne, shi ya fara gane ni. A hanya ya ce Babi ta rasu ita ma, kuma har ta mutu ba ta gama hucewa da iyayensa ba. Ya ce takan ce a duk layin mutum ɗaya ce ta ɗauke ta babba, matar da ta zo ta zauna mata a ƙasa. Mamarsa ce ta ce mata mun yi fushi, kada ta je. Sai ta riƙa tsayawa a taga tana jira a aiko yaron nan ya kira ta.

Na ce masa to. Na sauke masa motarsa a gareji.

Da ina ɗauka labarin uwar Bahago yana koya wa mutum kada ya yarda da kowa, kuma haka na rayu, ko matata sai na tambaye ta abu sau biyu, har ta gaji ta tafi. Yanzu in na tuna shi ba uwar nake gani ba, ba kuma abokin ba. Maƙwabtan nake gani, waɗanda suke da ƙafa da baki, ƙofa tana nan kusa, suka zauna. Taku goma sha biyu ne daga ƙofarmu zuwa tasu. Sau ɗaya Kaka ta roƙe ni, na ce ina da aikin makaranta, makarantar da ban ma ƙarasa ba.