Sakatar da Kawu Ya Kafa

Shiru muke ce mata a dangi, don tun muna yara sai ta wuni ba ta ce uffan ba. Taubashiyata ce, 'yar ƙanin mahaifiyata, kuma ni kaɗai nake iya tsokanarta har ta yi dariya. Tana aiki a wani shagon buga katuna da allunan talla, can ƙuryar ciki, tsakanin injin da ke huci da tarin takardu. Ita ce mai yi musu zane a kwamfuta. Abokan aikinta suna cewa girman kai gare ta. Ba su sani ba ne. Kawu ne ya mai da ita haka, kuma ni har gobe ban yafe masa ba.

Kawu kafinta ne, kuma gaskiya ɗaya ce, ya iya aikinsa. Ciwonsa shi ne ba ya iya ganin kuskure a katako ya yi shiru. Ko gaisuwar rasuwa ya je, sai ya girgiza benci ya tambayi wanda ya haɗa shi. Mun sha jin kunya a gidajen mutane saboda wannan hali.

Matarsa ta rasu lokacin da Shiru ba ta isa shiga makaranta ba, ƙaninta Auta kuwa bai daɗe da fara tafiya ba. Suna zaune a ɗaki ɗaya a saman wani tsohon bene. Da safe Kawu zai ajiye musu burodi da butar ruwa da bokiti, ya ce, "Ku jira, yanzu zan dawo," ya ja ƙofa ya tafi. Daga wurin aiki sai majalisar abokai. Wani lokaci ya dawo a ranar, wani lokaci sai gobe ko jibi. Shiru ce take jiƙa wa Auta busasshen burodi, ita take rufe masa baki idan ya yi kuka, don Kawu ya ce in maƙwabta suka ji za ta sha duka.

Da ta girma ta faɗa cewa kulle su yake yi, sai dangi suka yi mata caa. Kawu ya ce shi bai taɓa kulle kowa ba, ita ce take saka sakata ta ciki saboda tsoro, har ma ya riƙa roƙonta ta buɗe. Mahaifiyata ta fi kowa kare shi. "Namiji shi kaɗai da marayu biyu, me kuke so ya yi? Yarinyar nan ba ta da godiya." Duk wannan Shiru ta shanye. Na Auta ne ya tsaya mata a rai. Bai tuna komai ba, ya tashi yana ganin ubansa gwarzo ne, yayarsa kuma maƙaryaciya. Da ya yi aure ya ɗauke Kawu ya kai shi gidansa, ya ce mata in ba za ta daina ɓata wa tsoho suna ba, kada ta ƙara zuwa kusa da 'ya'yansa. Wannan Autan, har yau ba ya iya barci sai an bar masa ƙofa a buɗe, bai kuma taɓa tambayar kansa dalili ba.

Sai ta fara haɗa wasan kwamfuta a ranakun hutu, tana koyo a intanet, tana ɓatawa tana sakewa. Ɗan gajeren wasa ne, kafin shayi ya huce ka gama ganin komai. Kai ne yarinyar. Za ka iya zagaya ɗakin, ka girgiza buta ka ji ruwan ya kusa ƙarewa, ka lulluɓe ƙaninka, ka tsaya a jikin ƙofa. Hasken rana yana rarrafe a bango. Can sai ka ji takun mutum yana hawowa bene, ya matso, ya matso, ya wuce. Ba a cin wasan, ba a faɗuwa, ba maɓallin fita. Ƙofar kuma sumul take ta ciki, ba abin kamawa.

Ta saka shi a intanet kyauta. Wasu suka rubuto suna mita, wai sun duba ko'ina ba su ga makulli ba, lallai wasan ya lalace. Wasu suka ce sun yi kuka. Wata mata daga wata ƙasa mai nisa ta ce ɗakinsu ne aka zana. Na ce mata, "To malama mai wasan kwamfuta, kin yi suna, sai ki saki ranki."

Ta ce, "Waɗanda ba su san ni ba sun yarda. Wanda na rufe wa baki da hannuna bai yarda ba. Me na samu?"

Na ce ai Kawu ba zai taɓa amsa laifinsa ba, ko wuƙa aka sa masa a wuya.

Ta ce, "Ba wuƙa zan sa masa ba. Katako zan nuna masa."

Ta koma ta sake zana ɗakin don Kawu shi kaɗai. Na leƙa na ga ta lalata shi da gangan: tebur mai gajeriyar ƙafa, taga a bangon da ba nata ba, gado an jera masa katako a gicciye. A jikin ƙofa kuma, ta ciki, ta zana sakata a karkace, ƙusoshinta sun lanƙwashe kamar aikin ɗan koyo. Sannan ta kira Auta ta ce ta yi nadama, tana so ta zo ta gaida Baba, ta kuma nuna wa yara tsohon ɗakinsu. Da jin muryarta a waya na san wannan nadamar akwai lauje cikin naɗi, amma ni na ɗauko mata igiyar haɗa kwamfuta da talabijin, da farin cikina kuwa.

Ranar hutu ce da hantsi. Falon Auta ya cika: matarsa, yaransa, mahaifiyata da ta zo ganin sulhu, da Kawu a kan kujerar da ya ƙera da hannunsa. Shiru ta durƙusa ta gaishe shi, ta kunna wasan, ɗakin ya fito a talabijin.

Ta ce wa yara, "Kun ga inda muka tashi. Duk kayan nan Kaka ne ya yi su."

Kawu ya gyara gilashi ya matso. "Wannan teburin? Ni na yi tebur mai ɗingishi? Ke, ƙafafunsa daidai suke, na gwada su da igiya."

Yara suka tuntsure da dariya. Shiru ta ce, "Yi haƙuri Baba, na manta ne. Tagar fa?"

"Tagar a hagu take, can sama. Kai, yaran zamani! Dubi gado kuma, wa yake jera katako haka? Ai mutum yana hawa zai rufta."

Ya ji daɗi sosai. An daɗe ba a tambaye shi komai ba, ga jikoki sun zuba masa ido, har yana nuni da sandarsa. Mahaifiyata tana murmushi tana cewa, "Ai Kafinta ba ya mantuwa." Shiru ta juya yarinyar cikin wasan a hankali har ta fuskanci ƙofa.

"Ga kuma sakatarka, Baba. Wannan kam na tuna ta sarai, haka ka kafa ta."

Kawu ya buga sanda a ƙasa. "Ni? Ni zan kafa sakata a karkace? Ƙofar nan ba ta taɓa ganin sakata ta ciki ba! Tawa a waje take, miƙe sambal, da ƙusoshi masu kauri. Babba ma ba zai iya ɓalle ta ba, balle ku!"

Yara suka ci gaba da dariya, su kaɗai. Mahaifiyata ta riƙe baki. Na ga lokacin da maganar ta isa kunnen Kawu da kansa, sandar ta sauko a hankali, yana kallon fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ban ji tausayinsa ba ko ƙanƙani, daɗi na ji har cikin ƙashina.

Auta ne ya fara magana. "A waje, Baba?"

Kawu ya ce, "Aiki nake zuwa. Benen yana da tsawo, kana iya faɗowa…"

"Ka ce ita take kullewa. Na kori Yaya daga gidana a kan maganarka."

A talabijin yaron cikin wasan ya fara kuka ƙasa-ƙasa, ga takun mutum yana hawowa bene. Auta ya zauna a ƙasa, ya dafe kansa, yana kallon yarinyar da ta tsaya a jikin ƙofa. Matarsa ta tattara yara ta shige ciki. Sai ya ɗago ya ce, "Yaya, wa yake ba ni ruwa?"

Shiru ta dafa kansa sau ɗaya, ta ɗauki jakarta. "Ka kawo mini yaran gida, zan faɗa maka."

Kawu ya lalubi kwamfutar yana danne-danne, kukan bai tsaya ba. "Ke, zo ki kashe wannan abin. Ina ake fita?"

Tana bakin ƙofa ta juyo ta dube shi.

"Ka jira, Baba," in ji ta. "Yanzu zan dawo."