Daminar da Taraktarmu Ta Yi a Birni

Har na koma ga Allah ba zan manta da ranar da na tuƙa taraktar ƙungiyarmu zuwa Kano ba, lafiyarta ƙalau, ko tari ba ta yi. Ku matasan direbobi kuna yawan tsokanata, wai da an ambaci kai inji kamfani sai fuskata ta canza. To ku matso ku ji dalili.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne, lokacin soja, naira ta faɗi warwas, abin da ka saya jiya ba ka isa ka taya shi yau ba. Ni ne direban ƙungiyar manoman ƙauyenmu, can tsakanin Minjibir da Zakirai. Shugabanmu Malam Isiyaku ne, dattijon da ke karantar da magidanta a zaurensa bayan Asuba, mutumin da in ya yi magana ba a ƙarawa. Shi ya shawo kan jama'a aka sayar da shanun huɗa aka haɗa hannu aka sayi tarakta. Hujjarsa ita ce sa yana ci ko ya yi aiki ko bai yi ba, ga dusa ta yi tsada. Shi ya fara kora nasa kasuwar Ɗambatta, sauran suka bi. Kun dai san ƙasarmu, gona jikin gona, babu daji, babu fadamar da mutum zai koma da rani. Wanda damina ta wuce shi, shekara ce ta wuce shi.

Da kaka aka sayo ta. Duk ranin nan taki na yi ta jida da ita zuwa gonaki. Damina mai zuwa ita ce za ta nuna ko Malam ya yi wa mutane gata ko ya kai su ya baro.

Bari in yi wa waɗanda ba su sani ba bayanin garanti. Alkawari ne kamfanin da ya sayar maka yake yi, cewa in inji ya lalace cikin shekara guda su za su gyara. Amma da sharaɗi. Dole ka kai musu sabis idan lokacinsa ya yi, kuma kada wani bakanike na waje ya ɗora mata sifana. Har fenti rawaya suke ɗigawa a kan notuna, in suka ga ya fashe, alkawari ya tashi. Shi kuwa sabis ɗin ba wani abu ba ne, juye baƙin mai ne, da canza matatar mai, da sa giris, da ɗaure abin da ya saki. Aikin da in aka fara da hantsi, kafin La'asar ka kama hanyar gida.

Lokacin ya cika ana tsakiyar bazara, hadari ya fara haɗuwa a gabas yana watsewa. Na yi sammako na kama titi, Malam ya biyo bas ya same ni a can.

Ba a bar shi a rana ba. Manajan sashen gyara da kansa ya fito, mutum fes-fes, mai sanyin murya, ya kama hannunsa da hannu biyu-biyu ya shigar da shi ofis mai sanyi. Aka kawo lemo. Ni ma aka ba ni kujera a bakin ƙofa. Ana cikin gaisuwa sai aka shigo da wata kwalba, an tsiyayo man gas daga gindin tankinmu. Manajan ya ɗaga ta saitin taga ya girgiza, wani baƙi-baƙi ya tashi a ciki.

Ya ce, "Baba, ka ga wannan? Man bumburutu ne, shi yake cin famfon injinku a hankali. Sabis ɗin da kuka zo yi ba ya kaiwa can. Tunda Allah Ya kawo ku, a buɗe famfon a wanke shi gaba ɗaya. Rigakafi ya fi magani."

Malam ya ce, "Yana cikin abin da aka ce dole ne?"

"A'a, wallahi ba dole. Shawara ce irin ta ɗa da uba. Na ji an ce dukiyar jama'a ce a hannunka, shi ya sa. Amana tana da nauyi, Baba."

Ni a lokacin ban san komai a kan famfon gas ba, sai dai na san yana can yana aikinsa. Hankalina na kan sama. Na matsa na ce, "Malam, mu yi abin da ya kawo mu mu tafi. Ruwa na hanya."

Ya juyo ya ce mini a hankali, "Lawan, in ta tsaya a tsakiyar gonar wani, aka ji an gaya mini na ƙi, da wane ido zan dubi mutane? Kuma mutumin nan ya mutunta mu."

Ka ji inda aka kama shi. Ba wawa ba ne, Allah Ya sani. Tsoron amana ne, da kunyar wanda ya shimfiɗa maka tabarma. Hausawa sun ce kunyar mara kunya asara ce, amma wa zai gane mara kunya alhali yana ce maka Baba? Malam ya amince. Aka ce mu dawo jibi.

Da na koma, na tarar da ita an ɗaga mata hanci, famfon yana kan tebur a wargaje cikin faranti. An wanke shi tas, wannan kam ba ƙarya. Sai dai akwai wasu 'yan robobi da ake sawa a bakin kowane haɗi don kada mai ya tsiyaya, in an buɗe ba a maida tsofaffin, sai sababbi. Mai kula da sito ya duba, babu ko ɗaya. Na ce yaya aka yi aka buɗe ba a duba ba? Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi sito aka ba shi, ba gareji ba. Manajan ya ce kada in damu, kaya suna kan ruwa, mako mai zuwa za su sauka.

A makon ne aka yi ruwan shuka.

Daga nan na zama ɗan hanya. In je a ce jirgi bai iso ba, in koma a ce kamfani bai samu kuɗin waje ba, in sake komawa a ce manaja yana taro. Lemo dai tun ranar farko ba a sake kawowa ba. Wani tsohon bakanike a garejin, ganin yadda nake zarya, ya ja ni bayan wata mota ya ce, "Ɗan'uwa, wa ke sayen sabuwar tarakta a wannan marra? Babu. Garejin nan shi ke ciyar da kamfanin duka. Kowane ƙarin aiki da aka sa mutum ya yarda, akwai ɗan abin da ake ba wanda ya shawo kansa." Ya ce in da shi ne, ɗaukar famfon zai yi ya kai kasuwar kayan gyara ta Ƙofar Ruwa, a can ba a rasa mai haɗa shi. Na kai wa manajan maganar. Ya yi murmushi ya ce ba ya hana mu, amma in famfon ya fita daga ƙofarsu garanti ya mutu.

A gida kuwa ƙasa ta jiƙu tana jiran garma. Gero an samu an shuka da hannu, amma gyaɗa, wadda ita ce kuɗin manomi, tana son huɗa. Aka yi taro a gindin tsamiyar masallaci. Wasu suka ce a haƙura da garantin a ɗauko ta, wasu suka ce a ƙara mako, kada a yi biyu babu. Wani magidanci da bai taɓa ɗaga murya gaban Malam ba ya miƙe ya ce, "Malam, garantin nan dafa shi za mu yi wa iyali?" Ba wanda ya tsawatar masa. Wannan shirun ya fi maganar ciwo.

Washegari Malam ya ce in raka shi, ya yanke shawara a ɗauko ta ko ta halin ƙaƙa. Muka isa, manajan ya tarbe mu da albishir. Wai don a hanzarta mana, ya aika famfon babban ofishinsu na Legas, can za a haɗa shi. Malam ya dube shi ya ce, "Allah Ya isa." Ban taɓa jin wannan kalma a bakinsa ba sai ranar.

Shanun da suka rage kusa da mu su ne na Bawa, wani Kirista a unguwar da ke bayan rafi, wanda tun farko ya ce shi ba ya rabuwa da abin da ke numfashi ya kama ƙarfe. Bai yi mana gori ba. Da ya gama gonarsa da ta danginsa ya zo da shanunsa biyu, aka yi layi. Shanu biyu ga gari guda. Aka ce a fara da gonar shugaba kamar yadda aka saba, Malam ya ce a'a, a sa shi a ƙarshe. Aka roƙe shi, ya ƙi. Kafin layi ya zo kansa marka ta yi nisa. Ya shuka dai, don kada a bar gona haka. Gyaɗar tana cikin fure ruwa ya ɗauke. Geron nasa ma ciyawa ta ci rabinsa, saboda lokacin noma shi ma yana can kan bencin kamfani yana bin sawun famfon.

Sai da aka fara girbi aka aiko mu je mu ɗauka. An wanke ta, an shafa wa tayoyi mai suna ƙyalli, har da kyautar hula mai tambarin kamfani. Garantin da muka kashe damina muna gadinsa saura ƙiris ya ƙare. Manajan ya ce in muna so akwai tsarin tsawaita shi, a farashi mai sauƙi. Na kunna ta. Yadda take kuka ranar da na kawo ta, haka take yi, ba ragi ba ƙari. Malam bai zo ba, kuma tun kafin nan zaurensa ya fara yin fili bayan Asuba.

A ƙa'idar ƙungiya, ranar fara jidar amfani a ƙofar shugaba ake fara tsayawa a ji gonar da za a nufa. Na ɗaura tirela na tsaya a ƙofarsa. Ya fito, ya rame, ya dafa tayar baya. Sannan ya ce, "Wuce, Lawan. Ɗan abin da na samu, a ka aka shigo da shi."

Na wuce. Hanyar gonar mutum na gaba ta gefen tasa take bi, ban iya juya kai na kalle ta ba.

Ban ce muku kada ku yi sabis ba. Baƙin mai da matatar mai haƙƙin inji ne, wanda ya hana shi zai gani. Amma duk abin da aka ce muku "tunda kun zo", ku tambaya: abin da za a mayar yana hannu? In ba a yi ba yau me zai faru? Kuma ku dubi sama kafin ku amsa. Mutanen nan sun san inji, amma sun fi sanin mai inji, kuma mai gaskiya da tsoron amana ya fi kowa sauƙin kamu a wurinsu. Manajan nan ƙarin girma aka yi masa. Malam Isiyaku kuwa ya ajiye shugabanci a kakar, kuma har ya rasu bai sake ba kowa shawara a kan noma ba.