Gejin Yaya Labbo Bai Yi Ƙarya Ba

Ina tsaye cikin ruwa a gonar shinkafa a Bakura, da hantsi, wayata ta yi ƙara a aljihun rigar da na ajiye a kan kunya. Maƙwabcin shagon yayana Labbo ne, mai faci. Ya yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gona, ya tambayi iyali, sannan ya ce, "Mani, sai haƙuri. Labbo ya cika." A bakin shago ya faɗi, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Shekara shida ke nan a wannan watan.

Labbo yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Sana'arsa gyaran firij da firiza a Talata Mafara, har Maradun da ƙauyukanta ana aiko masa. Ni manomi ne, sai in aikin gona ya lafa nake zama wajensa ina kama masa. Da ya rasu dangi suka ce in riƙe shagon, tunda iyalinsa da shi suke ci. Na karɓa, ba don na ƙware ba.

Cikin kayan da ya bari har da gejinsa. Geji shi ne abin da mai gyara ke jona wa firij da tiyo don ya ga ƙarfin gas ɗin da ke ciki. Na da mai allura ne. Shekara biyu kafin rasuwarsa ya sayo mai batir daga Sakkwato, wanda ke nuna lamba. Abokan sana'a suka riƙa tsokanarsa wai ya tsufa har ya ɗauko wa kansa malami. Ba ya tanka musu. Ni kuwa yakan ce mini, "Geji shina faɗi, hannu shina shaida." Ko lamba ta nuna daidai sai ya dafa bututu, ya kara kunne a kwamfireso, injin da ke tura gas ɗin.

Kullum da safe yana da abin da yake yi. Ya kwance bakin tiyo duka, ragowar gas ɗin jiya ya fita da huci, ya yi bisimilla, ya danne wani maɓalli har lamba ta koma sifili. Na gani ba adadi, ban taɓa tambaya ba. Na ɗauka bisimillar ce da danna maɓallin suke da muhimmanci, sakin gas ɗin kuwa ɓarna ce irin ta mai hannu sake. Manomi ba ya son ganin ko tsaba ta zube. Saboda haka da shago ya dawo hannuna sai na riƙa ɗaure bakin tiyo da gas a ciki, da safe in yi bisimilla in danna. Ashe koya wa geji ƙarya nake yi. Ina ce masa nan babu komai, alhali akwai. Daga nan duk firij ɗin da ya auna sai ya nuna gas bai kai ba.

Saura kwana kaɗan azumi, Malam Sanda na Maradun ya kira ni. Ƙanƙara yake sayarwa, babbar firizarsa Labbo ne ke duba ta tun tana sabuwa, kuma abin da ya samu a watan nan shi ke riƙe gidansa har damina. Na toshe inda take yoyo, na fara ɗura gas. Lamba ta ce bai isa ba, na ƙara. Bututun da ke komawa kwamfireso ya yi fari da ƙanƙara, bayan firizar ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Hannuna ya faɗa mini, na ƙi ji. Na ƙara. Kwana uku kwamfireso ya ƙone.

Da na koma, Malam Sanda bai ɗaga murya ba. Ya juya gejin a hannunsa ya ce, "Ashe abin ga da Labbo ya bar ma makaho na." Mutanen da ke zaune a rumfarsa suka kama zancen. Wani ya ce dama an cuci marigayi a wajen saye. Wani ya ce to in haka ne shekara biyu da ka yake yi wa mutane aiki, yana nuna musu lamba don burga. Ina tsaye. A lokacin ban san inda kuskuren yake ba, amma na san Labbo bai taɓa ƙona wa kowa kaya ba. Wannan kaɗai ya isa in faɗa. Na yi shiru, don shirun ya fi mini sauƙi.

Bayan sallah na kai gejin wajen Ɗan'asabe, tsohon abokin Labbo da suka koyi aiki tare. Ya canza batir, ya ce mai rauni kan sa lamba rawa. Ya duba ko irin gas ɗin da aka zaɓa a ciki shi ne wanda nake ɗurawa. Ya ciro 'yan robobin bakin tiyo ya murza su ko sun tsage. Duk lafiya. Sai ya kwance tiyo, gas ya yi huci, lamba ta faɗa ƙasa da sifili. Ya juyo gare ni. Ya ce, "Wa ya koya ma danna nan tiyo na ɗaure?" Na ce ba kowa. Ya mayar da shi sifili a buɗe, muka gwada da nasa mai allura a kan tukunyar gas ɗaya, suka yi daidai. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa rashin tambaya ne.

Nakan zauna a shagon in yi tunanin me zai ce da ya ga yau. Firizar sola ta shigo, masu gyara sun yi yawa, wasu gejinsu a waya suke karanta shi. Gas ɗin kasuwa ba ka san me aka gauraya a ciki ba. Hanyar da yake bi a kan babur ya je Maradun ya dawo kafin azahar, yanzu sai ka tambayi direbobi tukuna ko tana biyuwa. Ina jin ba zai yi mita ba. Zai dafa bututu ne kawai. Ni na gaji da yawancin waɗannan, shi ban taɓa ganin ya gaji da aiki ba.

Bai bar gida na kansa ba, bai bar gona ba. Abin da ya bari suna ne, cewa in Labbo ya taɓa kayanka ka kwantar da hankalinka. A Mafara sunan yana nan, har gobe da shi ake kwatancen shagon. A Maradun ni na bari aka taɓa shi, kuma mamaci ba ya tashi ya kare kansa. Gejin yana aiki, kowace safiya ina kwance tiyo kafin in danna, shekara biyar ban sake ƙona komai ba. Allah Ya jiƙan Yaya Labbo, Ya sa ya huta.

Malam Sanda bai sake sayar da ƙanƙara ba. Ya sayar da gangar firizar, ya koma Faru yana noman rani. Ba ya karanta jarida, don haka wannan rubutu ba zai isa gare shi ba. Sau biyu ina shirya tafiya, sau ɗaya hanya ta hana, sau ɗaya ni na fasa. Har yau ban je na faɗa masa ba.