Tarbar da Rahinatu Mai Proje Ta Shirya wa Baƙin Turai

A New Bell, in ka ce kana neman Rahinatu, sai a tambaye ka wacce. Amma ka ce Rahinatu mai proje, kowane ɗan acaba zai sauke ka a ƙofar gidansu. Proje shi ne takardar da ƙungiya kan rubuta wa masu ba da tallafi a Turai, ta faɗi damuwarta da abin da take son yi. A unguwar Hausawan Duwala kaf, babu wanda ya kai ta iya tsara shi.

Kakanta ne ya zo daga Kano da fataucin goro, ya ga teku, ya zauna. Mahaifinta Malam Hayatu maɗinkin manyan riguna ne, mutum mai tsabta da kamun kai, wanda ko maƙwabcinsa bai taɓa ganinsa babu hula ba. Shi ya sa ta a makarantar Faransanci, mutane suna ta surutu, ya toshe kunnensa. Ta gama, ta sami aikin sakatariya a wata masana'anta a Bassa, tana fita da jaka da takalmi mai tsini, mata suna leƙenta ta taga.

Sai shekarun matsi suka zo, waɗanda a nan ake kira kiriz. Masana'antu suka rufe, aka rage albashi, darajar kuɗin sefa ta karye. Rahinatu ta dawo gida da wata tsohuwar tafireta da ta saya a gwanjon kayan ofishinsu, ta ajiye ta a zauren mahaifinta. A lokacin duk wanda aka sallama daga aiki sai ya kwana ya tashi shugaban ƙungiya, kuma kowane shugaba yana bukatar mai rubutu. Da wannan ta riƙe gidan.

Cikin shugabannin akwai Abdulsalami, tsohon akawun tashar jirgin ruwa, mai daɗin baki, wanda ya fi son a kira shi Perezidan fiye da sunan da aka yanka masa rago da shi. Ƙungiyarsa tana neman tallafin gina babban lambatu, don duk damina ruwa yakan shiga gidajen layin har gadon kwana. Rahinatu ta rubuta wannan proje da zuciya ɗaya, domin gidansu ne na farko da ruwan yake fara gaisarwa.

Wata safiya bayan ambaliya, Malam Hayatu ya fito ƙofar gida da singileti da ɗan tawul a ƙugu, kai babu hula, yana kwasar ruwan kwata da bokiti. Abdulsalami ya tsaya daga nesa ya ɗauke shi hoto. Ya manna hoton a bangon proje bayan Rahinatu ta gama aikinta, ya kuma buga shi a takardun neman taimako, aka raba a kasuwa da ƙofar masallaci. A ƙasan hoton an rubuta da Faransanci cewa ga wani tsoho da ba shi da kowa.

Ba shi da kowa! Ga 'yarsa da ranta, ita ke ciyar da shi. Malam Hayatu ya ga takardar a hannun wani mai shayi. Ya shiga gida, kuma daga ranar ko sallar Juma'a bai ƙara fita ba.

Rahinatu ta sami Abdulsalami a ofishinsa, ta ajiye masa takardar a gabansa. Ko kunya bai ji ba.

"Bon, ƙanwata," in ji shi, "Bature ba ya buɗe jaka sai ya ga hawaye. Baba ya taimaki kartiye ne, unguwarmu baki ɗaya, ladansa yana wurin Allah."

Shekara ba ta ƙare ba tsohon ya rasu. Likita ya ce hawan jini ne, ita kuwa ta san sunan ciwon, ta san gidansa. Ta tsani Abdulsalami tsanar da take hana ta cin abinci, ta yi rantsuwa ba zai ci ko sisi da fuskar ubanta ba. Amma ba ta bar ƙungiyar ba. Ta ci gaba da gaishe shi da ladabi, tana buga masa takardu, shi kuma wawan ya ɗauka ta huce.

Da rani ya yi, labari ya zo cewa masu tallafin za su turo mutum biyu su ga unguwar da idonsu kafin su amince. Abdulsalami ya kira ta. Shi namiji ne, ba ya shiga gidajen matan aure, don haka duk saƙon cikin gida ita ke kaiwa.

"Ki gaya musu kowa ya zauna yadda yake," ya ce. "Ba shara, ba kwalliya. A bar yara haka nan. Kin gane ai."

"Na gane, Perezidan," in ji ta.

Ta bi gida-gida. Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, ta dai bar rabin saƙon a hanya. Abin da ta faɗa kawai shi ne manyan baƙi za su zo daga Turai su ga yadda Hausawan New Bell suke zaune. Ta san mutanenta. Bahaushiya ta kwana da yunwa ba komai ba ne, amma baƙo ya shigo ya tarar da ɗakinta a hargitse, wannan abin gori ne har ga jikoki.

Unguwa ta ɗauki harama. Aka aika yara unguwar Bonaberi aron kujeru da labule da sarƙoƙi wurin dangi. Aka wanke kwanonin jere, aka shafa farar ƙasa, aka sa maza suka kwashe kwata suka rufe ta da katako. Adda, wata tsohuwar bazawara mai sayar da koko a bakin layi, ita ta karɓi girki, ta ce ba a ɗakinta za a kunyata ba.

Ranar da baƙin suka iso, wata Baturiya da wani ɗan ƙasa daga Yawunde, ƙamshin turaren wuta ne ya tare su tun daga bakin titi. Mata sun sha leshi da lalle da gwal, yara fes-fes, ga tuwon shinkafa da soyayyen nama da alkaki tire-tire. Mutum ɗaya ne kawai ya zo da koɗaɗɗiyar riga da silifa, shi ne Perezidan, wanda ya shirya wa talauci. Adda ta dube shi sama da ƙasa a gaban kowa ta ce, "Ɗan nan, lafiya kuwa? Ko an yi maka sata ne?"

Baturiyar ta ci, ta yaba, ta nemi a nuna mata tsohon da ba shi da kowa. Rahinatu ta matso, ta ce da Faransanci mai kyau, a hankali don kowace kalma ta shiga: "Mahaifina ne, Madam. Ni nake riƙe da shi har ya rasu. Ba a nemi izininsa ba." Ta juya ta dubi Abdulsalami, ta ga gumi yana bin wuyansa, ta ji wani sanyi a ranta wanda rabonta da shi tun ranar jana'iza.

Tallafin ya tafi wata unguwa. 'Yan kwamitin ƙungiyar suka ɓoye wa mutanen unguwa labarin don kunya, suka tsige Abdulsalami a asirce, ya tattara ya koma kasuwar Grand Hangar yana rubuta wa direbobi takardun kaya. Rahinatu ta ce wanda ya ci tuwo da ita miya ya sha, kuma har yau ba ta janye maganar ba.

Damina ta dawo a kan lokacinta. Ruwa ya ɗaga katakon da aka rufe kwata da shi, ya shiga gidaje kamar kullum. Rahinatu tana tsakar gida tana kwasar ruwa sai ga Adda ta shigo, ruwa har gwiwa, ta ɗaure zane sama, tana dafa bango.

"'Yar nan, ke ce mai karatu, ki gaya mini gaskiya," ta ce. "Yaushe Turawan nan za su fara mana aikin? Akuyata guda ɗaya na yanka musu, Baturiyar har ƙari ta yi. Ko dai akwai inda muka gaza a tarbar?"

Rahinatu ta dakata da kwasar ruwan.

"Ba ku gaza ba, Adda," ta ce da ƙyar.

"To alhamdulillahi," in ji tsohuwar, fuskarta ta washe. "Ai na ce musu su ƙara haƙuri, tunda Rahinatu ce ta shirya abin."