Ranar da Baba Malam Ya Saurari Shirun Ajina

Duk daɗewar da zan yi ina koyarwa, wata Laraba ba za ta taɓa fita daga raina ba, ranar da na jawo mahaifina da hannuna don in yi masa burga da ajina. Har yau idan na tuna sai in kama dariya ni kaɗai, kunya ta biyo baya.

A lokacin ina sabuwar malama a wata sakandare mai zaman kanta a unguwar Takur da ke Dutse, ina koyar da labarin ƙasa. An ba makarantar kyautar kwamfutocin tafi-da-gidanka, shugaban makaranta ya kulle su a sito, domin a ganinsa kayan lalata yara ne kawai. Ni na addabe shi safe da rana har ya gaji ya miƙo mini mukulli, amma da sharaɗi. Ya ce, "Malama, ranar da na kama yaro ɗaya yana wasa da su, sito za su koma, kuma kada ki ƙara tayar mini da maganar."

Ajin nan da ma kamar kasuwar Shuwarin yake don hayaniya. Amma daga ranar da aka raba kwamfutocin sai ya yi tsit. In tsaya a gaba in ga kawuna a sunkuye, ba mai ko tari. Nan fa kaina ya kumbura, har tafiyata ta canza, na fara ba tsofaffin malamai shawarar yadda ake riƙe aji.

Mahaifina kuwa, wanda muke kira Baba Malam, makarantar allo gare shi a Taura, cikin hayaniyar masu biya karatu na tashi. Da ya zo Dutse a duba masa idonsa da ya fara rauni, sai na ga dama ta samu. Na ce, "Baba Malam, zo ka ga karatun zamani. Ba bulala, ba ihu." Ya ce, "To, Uwata, mu je mu sha kallo." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

Na ajiye masa kujera a bakin ƙofa, yara suka gaishe shi, na ce kowa ya buɗe darasin koguna. Shiru ya sauka. Baba Malam ya jingina haɓarsa a kan sanda ya lumshe ido, har na zaci gyangyaɗi yake. Can sai ya yafito ni, ya ce a hankali, "Uwata, ba na jin masu karatu a ɗakin nan sun wuce biyu."

Raina ya ɗan sosu. Mutumin da ko fuskata ba ya gani sosai. Na ce ta yaya ya sani? Ya ce, "Mai rubutu yatsunsa yawo suke yi. Waɗannan wuri ɗaya suke duka, kamar masu daka. Ga wani can a dama, tun ɗazu yake riƙe numfashi. Ke in kin tsaya a gabansu, me kike gani?" Na ce bayan kwamfutoci. Ya ce, "To, a gidanmu kin taɓa ganin na duba allo ta baya?"

Na fita kamar zan ɗebo masa ruwa, na zagaya na leƙa ta tagar baya. Wallahi sai da na dafa bango. Wannan yana tseren mota, har da karkata jiki a kwana. 'Yan mata uku sun dukufa a kan zanen lalle. Wata ta saƙala waya a kunne ta ƙarƙashin hijabi, tana share hawaye a kan fim ɗin Indiya. Monita, amintaccena mai rubuta sunayen masu surutu, ƙwallo yake bugawa, harshe a waje. Yara biyu ne cif a kan koguna, ba ƙari. Ashe a filas, 'yar na'urar nan da ake soka wa kwamfuta, suke kawo kayan daga gida, da na motsa su sauya shafi.

Ban gama farfaɗowa ba na hango shugaban makaranta ya fito daga ofis ya nufo mu. Ya ji an ce babban malami ya zo, zai kawo gaisuwa. Na faɗa aji a guje, na rasa ma me zan ce, sai "Baba Malam, ga shi nan" kawai nake maimaitawa. Baba Malam ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya, ya ce da muryar da na sani tun ina ƙarama, "Kowa ya koma kan darasinsa. A ɗaga murya. Ku biya."

Babu yaro a ajin nan da bai taɓa zama gaban malamin allo ba, jikinsu ya tuna kafin kansu. Nan take ɗakin ya ɗauka, kowa na kaɗa jiki gaba da baya, ana jan Kogin Haɗeja da Kogin Binuwai iya ƙarfin maƙogwaro. Dariya ta taso mini a tsakiyar tsoro, na danne ta da bakin mayafi.

Shugaba ya shigo, ya durƙusa. Baba Malam ya ɗaga hannu don a ji gaisuwa, aji ya yi tsit. A daidai lokacin ne monita, wanda ya rikice ya kasa rufe wasansa, ya fizge wayar kunnen da ke jone da kwamfutarsa. Sai kwamfutar ta kwarma ihun an ci gol, da tafin 'yan kallo da komai.

Shugaba ya miƙe a hankali, ya miƙo mini tafin hannu. Mukulli yake nufi. Idona ya cika da ƙwalla, don na san yaran nan biyu, da ma sauran, ba su da inda za su ƙara taɓa kwamfuta in aka kulle waɗannan.

Na ɗauka Baba Malam zai rufa mini asiri, sai ya tona shi gaba ɗaya. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba shi kaɗai ba ne, kusan dukansu wasa na tarar suna yi. Amma ni shekara da shekaru yara na zana mini doki da mota a allo, ban taɓa ƙwace allon yaro na kulle ba. Wankewa ake yi a sake rubutu. Malamar ce ta zauna inda ba ta gani."

Shugaba ya dube ni, ya dubi monita da ke neman shigewa ƙarƙashin tebur, dariya ta ƙwace masa. Ya janye hannunsa ya ce, "Allah ya gafarta Malam, na ba ta zango ɗaya. A wanke allunan." Ranar muka goge wasannin kaf, muka juya tebura suka fuskanci bango, ni ina tsakiya ina ganin fuskar kowace kwamfuta. Kuma har yau da biyawa da ƙarfi nake buɗe darasi.

Da na sa shi a Keke Napep zai tafi tasha, ya leƙo ya ce, "Uwata, shirun nan naki ya burge ni."

Abin da na koya ke nan: shirun yaro ba shaidar karatu ba ne. In kana son sanin abin da ɗalibi yake yi, tashi daga inda yake ganinka, ka koma inda kake ganin allonsa.